Ranar da Na Kai Wasa Bayan Karar Mai'adua

Kwanakin baya wani matashi ya same ni a bakin shagona, ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. Ya ce, "Baba Sakatare, ka ga aikin da aka ce ka yi shekaru kana fama da shi? Na zuba sunayen kulob-kulob ɗinmu, kafin in ɗaga kai ta fito mini da jadawali." Na karɓa na duba. Tsaf, layi-layi, kamar haƙoran amarya. Na ce masa, "Wannan kulob na uku, filin da suke wasa na wane ne?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "Ran yaushe kasuwarsu take ci?" Nan ma bai sani ba. Na mayar masa da wayarsa na ce ya nemi wuri ya zauna. Abin da na faɗa masa shi zan rubuta muku, ku da kuke ganin tsara jadawalin gasa aikin wanda ya rasa abin yi ne.

Sunana Sabi'u. Na daɗe ina riƙe da sakatarancin gasar ƙwallo ta ƙasar Daura, ba irin wadda ake ji a rediyo ba, tamu ta samarin unguwanni da ƙauyuka, daga cikin gari zuwa Zango, zuwa Mai'adua, har bakin iyaka. Aikina shi ne in faɗi wa zai kara da wa, a ina, ran yaushe. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa kamar haɗa saurayi da budurwa ne waɗanda garuruwansu suka yi nisa: sai ka san ranar da hanya take da mota, ka san lokacin da kowa yake da sarari, ka san wanda zai ɓata rai idan ya ji.

Aikin farko da Malam Buba ya ba ni ba shi da alaƙa da biro. Malam Buba tsohon malamin firamare ne, shi ya riƙe sakatarancin kafin ni. Na je masa ina saurayi, rigata ta sha guga, littafin soyayya na haya a aljihu. Ina ganin tunda rubutuna yana da kyau, har abokai suna kawo mini wasiƙunsu in rubuta musu, ai na gama iya aikin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga zaure ya turo wani tsohon keke.

Ya ce, "Hau. Duk garin da yake da kulob a gasar nan ka je. Kada ka yi wa kowa maganar ƙwallo. Ka tambayi ran kasuwa, ka tambayi mai fili, ka duba wace raga rana take haskawa da yamma, ka gano waɗanda ba sa ga maciji da juna."

Na ce, "Malam, rubutun fa?"

Ya ce, "Rubutu ai ko ɗan aji uku ya iya."

Shekara guda cur ina kan keken nan. Na san koramar da take cika ta raba ƙauye biyu har kwana uku. Na san filin da ake shanyar gyada a kansa, da wanda ake sallar idi, da wanda makarantar Islamiyya take tashi a gefensa daidai lokacin da za a take wasa.

Jadawalin farko da ya bar ni na tsara da hannuna, na sa wasa a wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa, cikin watan da gero yake fitar da kai. Malam Buba ya karanta takardar har ƙasa, sai ya ce ni zan raka baƙi. Muka cika a-kori-kura da 'yan wasa, ana waƙa ana tafi. Da muka isa babu fili. Gero ne kore shar ya fi tsayin mutum, can a tsakiyarsa kan sandunan raga ya ɗan leƙo. Ashe filin gonar wani dattijo ce, aro yake ba su daga girbi zuwa ruwan fari. Dattijon ya fito da fartanya a kafaɗa, ya dube mu da jesinmu, ya ce, "Bisimilla, ku buga mana. In kun ga ƙwallon ku kira ni in gani." Har muka dawo Daura babu wanda ya yi mini magana a motar. Tun daga ranar ban sake sa alƙalami a kan filin da ƙafata ba ta taka ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Farin kwali babba, rular katako, fensir da magogi, biro ja da shuɗi, da hatimin gasa. Kalanda biyu nake ratayewa, ta boko da ta Musulunci, domin azumi da salla ba sa zama wuri ɗaya. Amma ainihin aikin a kan tabarma ake yin sa. Malam Buba ya koya mini in jera ƙwallayen dabino a matsayin kulob na cikin gari, 'ya'yan aduwa kuma na ƙauye. Ka matsa wannan, ka janye wancan, har kowa ya sami ranarsa. Wani lokaci sai in kwana uku tabarmar tana shimfiɗe, na hana kowa taɓa ta. Sai komai ya zauna sannan fensir, sai fensir ya kwana sannan biro.

Doka ɗaya ce ta riƙe duk wannan. Ran kasuwar garinku a gida kuke wasa. Ran kasuwar wasu, ku ne baƙinsu. Dalili a fili yake. 'Yan wasanmu ba albashi suke ci ba. Manoma ne, 'yan acaba, 'yan lodi, masu faci. Ran kasuwarsu ba za su iya barin gari ba, amma idan fili yana kusa za su ajiye aiki bayan la'asar su ruga. Baƙi kuma ran nan ne motoci suke tururuwa zuwa garin, sai su ɗare kan buhuna su zo, ba sai kulob ya ɗauki shatar mota ba. Ran Laraba kowa yana iya zuwa Daura. Ran Lahadi kowa yana iya zuwa Mai'adua. Da haka kulob ɗin da ba shi da ko asusu yake gama shekara bai fasa wasa ɗaya ba.

Shugabannin kulob kuwa, su ne masu cinikina, kuma babu mai zuwa da fara'a. Wannan ya ce in ɗaga masa wasa ɗan gabansa zai angwance. Wancan ya rantse an saye ni saboda na sa shi fuskantar rana a kashi na biyu, alhali ba ni nake jefa kwabo ba. Akwai wanda ya taɓa kawo mini zakara. Na karɓa, na sa aka dafa, na aika masa da rabi tare da jadawalinsa yadda yake.

Da aka ƙaddamar da shari'a, aikin ya ɗan ƙara matsewa. Aka tsawaita gajeren wando ya rufe gwiwa, kiɗan bakin fili ya yi sauƙi, kuma wasa ya zama dole ya shiga tsakanin sallamar la'asar da kiran magariba, ba ƙari ko na minti ɗaya. Wannan bai dame ni ba. Tsakanin sallolin nan biyu ai shi ne lokacin da ya fi kowane kyau a ƙasarmu, rana ta yi laushi, inuwa ta miƙe, fili ya yi ja kamar an shafa masa lalle. Sai na ƙara koyon awon rana wata-wata, in san garin da za a fara da wuri. Gasar ta ci gaba da tafiya lafiya.

Mummunar shekarata ta zo ne 'yan shekaru bayan haka, lokacin Malam Buba ya riga ya rasu. Aka zaɓi sabon ciyaman, Alhaji Tijjani, ɗan garin nan ne da ya daɗe yana kasuwanci a birni. Ba zan ce mugu ne ba. Mutum ne da ya saba kallon ƙwallon Turai a talabijin, yana so tamu ta yi kama da ita don wani kamfani ya ɗauki nauyinmu. A da gasar a kashe take bisa hanya: masu bin layin Zango rukuninsu daban, masu bin layin Mai'adua daban, zakarun su haɗu a Daura. Shi sai ya rushe wannan, ya yi rukuni na ɗaya da na biyu, bisa ƙarfi da ƙarfin aljihu. Kowane kulob sai ya buɗe asusu a banki, ya biya rajista, ya mallaki jesi kala biyu. Wanda bai iya ba, ko ya haɗe da wani ko ya fita. Wasa kuma Asabar da Lahadi kawai. Kulob ɗin da ya kasa zuwa wasa sau uku, an soke sunansa.

Ƙananan kulob suka fara haɗewa suna kuka, wasu bisa shawarata. Cikinsu akwai na Tudun Aduwa, garin geron nan, da na maƙwabtansu Gidan Gawo. Ƙauyuka ne biyu kusa da Mai'adua da suka yi shekara da shekaru suna fasa wa juna ƙwauri a fili. Sai da aka yi zama uku kafin su yarda da suna, suka ce Haɗin Kai, wanda ko a wurin zaman ba a ga alamarsa ba. Fili kuwa kowa ya ƙi na ɗan'uwansa, sai suka yi rajista da wani fili da ke bayan karar Mai'adua, inda ake cinikin shanu. Shugabansu kuma mai horar da su Ɗanjuma ne, mai faci, mutum mai saurin fushi da saurin hawaye. Kusan duk 'yan wasansa a karar nan suke neman abincin mako ran Lahadi: masu riƙe igiya, masu kora, masu loda shanu a tirela.

Na shimfiɗa tabarmata ke nan zan fara aiki, ciyaman ya kira ni ofis ya miƙo mini takardu. An buga jadawali da kwamfuta a Katsina. Idona ya sauka kan Haɗin Kai: wasanninsu uku na farko duk Lahadi, duk a waje.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba za su iya zuwa ba. Lahadi kasuwarsu ce."

Ya ce, "Malam Sabi'u, kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, ba ta da maƙiyi. Abin da ya faɗo wa mutum shi ne nasa."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma ba ta taɓa zuwa kasuwa ba."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Wanda ya zaɓi saniya a kan ƙwallo ya je ya yi kiwo. Aikinka ka manna a allo ka buga hatimi. Kada bironka ya taɓa takardar nan. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Na manna.

Lahadin farko wasan a Zango ne. 'Yan Haɗin Kai suka gama lodi, suka hau babura uku-uku, suka isa ana kiran magariba. Alƙalin wasa ya riga ya ba masu gida maki a zaune. Na koma wurin ciyaman na roƙe shi, ya ce doka ce. Kafin Lahadi ta biyu na tuna wani abu a tsohon littafin dokokinmu, da rubutun Malam Buba: musayar gida. Idan kulob biyu suka yarda, mai masauki ya zama baƙo a zagayen farko, a rama masa a na biyu, shugabanninsu su sa hannu, sakatare ya buga hatimi. Sabuwar dokar ba ta soke shi ba, don wanda ya rubuta ta bai san da shi ba. Na je wurin kulob na biyu. Shugabansu ya yi dariya ya ce, "Sakatare, maki uku na tahowa gidana da ƙafarsu, in kore su?" Haɗin Kai suka sake rasa wasa.

Ran Litinin da hantsi Ɗanjuma ya zo shagona, bai ko yi sallama da kyau ba.

"Sakatare, kai ka ce mu haɗe. Mun sayar da akuyoyi mun yi rajista. Yanzu 'yan Aduwa na cewa 'yan Gawo ne farar ƙafa, 'yan Gawo na cewa 'yan Aduwa ne. Saura ɗaya a soke mu. In aka soke mu, wallahi garuruwan nan ba za su sake haɗa ko jana'iza ba."

Na ce, "Zauna ka sha ruwa."

"Ba ruwa na zo sha ba!"

"To tsaya a tsaye. Ran Lahadi ka gaya wa yaranka kowa ya zo kara da jesinsa a ƙarƙashin riga."

Wasa na uku da Matasan Kanikawa ne, kulob ɗin wani mai sayar da kayan gyaran babur a cikin Daura, Oga Okeke. Ɗan ƙabilar Ibo ne da ya zo garin nan tun yana saurayi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari gishiri. Yaran garejin da suke sayen kaya a wurinsa su ya tara ya yi kulob. Na san duk Lahadi, in ya taso daga coci, yakan loda kaya ya tafi kasuwar Mai'adua. Na same shi yana ƙirga wa wani kanike sarƙoƙi, na jira ya sallame shi, na shimfiɗa masa maganar.

Ya ce, "Sakatare, so kake ka haɗa ni da Alhaji? Ni baƙo ne fa."

Na ce, "Oga, wane irin baƙo ne da ya aurar da 'ya'ya biyu a Daura?"

Ya yi dariya har da buga kanta. "To in na yarda me zan samu?"

"Za ka samu wasa. Yaranka sun yi mako uku suna gudu a rana. Ka gaya musu sun ci maki suna zaune a kan benci, ka ga ko za su yi murna."

Ya murza wata sarƙa, ya ce, "Ni ma ban son naman da ban ga yankansa ba. Amma ka sani, ba zan ce su ji tausayi ba. Za mu zuba musu."

"Ku zuba musu goma. Su dai a gan su a fili."

Ya sa hannu. Ɗanjuma ya dangwala nasa. Na buga hatimi. Ran Juma'a bayan masallaci na je gaban allon ofis, na zaro jan biro, na ja layi a kan takardar kwamfuta, na rubuta da mafi kyawun rubutun da Allah Ya hore mini: Mai'adua, bayan kara, bayan la'asar. Ciyaman yana birni, sai Litinin zai dawo.

Ranar Lahadin na isa Mai'adua tun azahar. Wanda bai ga karar nan ran kasuwa ba, ba zan iya kwatanta masa ba: ƙahoni kamar daji, Buzaye da Fulani da fatake daga kudu, kowa yana ihu da harshensa, tireloli a jere sun buɗe baki. Na sa aka zuba toka a layin fili, aka ɗaura raga. Kanikawa suka zo a bayan motar Oga Okeke, suna zaune kan tayoyi. Alƙalin wasa Malam Isiya ne, mutumin da ko mahaifinsa ba zai ƙara wa minti ba. Muka yi la'asar a gefen fili. Yana sallamewa ya dubi agogo.

Ya ce, "Sakatare, kwatan awa nake jira. In ba su kai bakwai ba, na tashi wasa. Ka san doka, kai ka koya mini."

Suka fara ɓullowa daga cikin shanu ɗaya-ɗaya, suna tuɓe riga a guje, jesi ya jiƙe da gumi tun ba a fara ba. Wani kashin shanu har gwiwa. Ɗaya, biyu, huɗu, shida. Sai abin ya tsaya. Sauran suna can cikin lodi, iyayen gidansu sun ƙi sakinsu. Ɗanjuma yana zagaye yana cizon yatsa.

Na ce, "Wa ya fi kusa?"

Ya ce, "Iro Dogo, golanmu. Ga shi can a tirela ta biyu. Wani bijimi ne ya ƙi hawa."

Malam Isiya ya ce, "Saura minti shida."

Na tattare babbar rigata, fara ce ƙal na sa don ranar, na kutsa cikin kara. Na tarar da bijimin, baƙi ne mai tozo kamar tulu, ya kafe a gindin katakon hawa. Mutum biyu suna jan igiyar ƙaho, Iro shi kaɗai yana riƙe da ta ƙafar baya, ya naɗe ta a hannu. Dillalin, wani dattijo mai jan rawani, yana tsaye da sanda.

Na ce, "Baba, don Allah ka ara mini yaron nan."

Ya ce, "Kai wane ne?"

"Sakataren ƙwallo."

"To Sakataren ƙwallo, in ya saki igiyar nan sa ya halbe mutum, ƙwallo ce za ta kai shi asibiti? Igiya ba ta zama ba hannu."

Na ce, "Ga hannu."

Ya dubi tafina, ya dubi rigata, ya kwashe da dariya har rawaninsa ya karkace. "Jama'a ku zo ku ga malamin ofis zai riƙe sa! Iro, ba shi. Wallahi yau sai na ga ƙarshen wannan."

Iro ya warware igiyar ya naɗa mini. Ya ce, "Baba Sakatare, in ya yi gaba ka bi shi, in ya ɗaga ƙafa ka ja. Kada ka tsaya daidai bayansa." Ya ruga yana cire riga.

Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi keke nauyi ba. Bijimin ya ji hannu ya canza, ya waiwayo ya dube ni da jan ido, irin kallon da uban budurwa yake yi wa saurayin da ba shi da sana'a. Ya fizga. Na tafi da gwiwa, hulata ta yi nata wuri. Na tashi, ya sake fizga, igiyar ta zare fatar tafina kamar wuta. Dillali yana ihu, "Ja, malam, ja! Ba biro ba ne!" Ina kwance rabi a cikin kashin shanu, bakina cike da ƙasa, sai na ji usur daga bayan kara. Dogo, guda ɗaya. Ba na tashi ba ne, na farawa ne. Na ji muryoyi masu daɗi a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya kai usur ɗin nan ba. Ban saki igiyar ba sai da bijimin ya hau.

Da na iso fili, dillalin yana biye da ni. Shi ya aika aka gaya wa 'yan'uwansa su saki sauran yaran, ya ce mutumin da ya ci ƙasa haka bai kamata a bar shi da mutum bakwai ba. Kafin a tafi hutu sun cika sha ɗaya. Rabin kasuwa ta dawo bakin fili, har direbobin tirela sun hau kan motocinsu. Kanikawa suka cika alkawarin ubangidansu, suka zuba huɗu. Ana dab da tashi wani ɗan Gawo ya ɗago ƙwallo daga gefe, wani ɗan Aduwa ya sa mata kai ta faɗa raga. Ihun da aka yi sai da shanu suka firgita a kara. Na ga dattawan garuruwan biyu suna rungume da juna, daga baya kowa ya tuna ya saki ɗan'uwansa yana gyara riga. Malam Isiya ya tashi wasa, ya cika takardarsa, kyaftin biyu suka sa hannu, muka yi alwala a kan lokaci.

Ran Talata aka kira taron gaggawa. Na zo hannuwana biyu a naɗe da bandeji. Ciyaman ya ajiye takardar da na ja wa layi a kan tebur.

"Malam Sabi'u, me na ce maka game da takardar nan?"

"Ka ce kada birona ya taɓa ta."

"Wannan rubutun wa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Duk ƙasar Daura babu mai irinsa."

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya ce wasan bai halatta ba, Haɗin Kai ba su zo Daura ba, saboda haka sun cika uku. Na buɗe tsohon littafi na karanta musu dokar musayar gida, na ce a nuna mini inda aka soke ta. Aka juya sabuwar doka gaba da baya, babu. Wani dattijo a kwamiti ya ce, wasan da alƙali ya sa wa hannu ba ya rushewa sai kulob ɗin da aka zalunta ya kai ƙara. Duk aka juya ga Oga Okeke.

Ciyaman ya ce, "Oga, an ɗauke maka wasan gida. Kana da ƙara?"

Oga Okeke ya miƙe, ya cire hula. "Ranka ya daɗe, na ci huɗu da ɗaya, na kuma sayar da kayana kaf. In na kai ƙara, me zan ce an yi mini?"

Ciyaman ya yi magana a hankali. Ya ce wasa ya zauna, tunda doka ta zaunar da shi. Amma ba zai yi aiki da sakataren da yake ba shi umarni yana takewa ba. Ya miƙo hannu. "Kawo hatimi."

Na ce, "Naka ne, ranka ya daɗe. Amma har yanzu ban shigar da sakamakon Lahadi ba, kuma ba na barin aiki rabi."

Na jawo babban littafin gasa. Yatsuna ba sa lanƙwasuwa, sai na damƙe biron da dunƙulen hannu kamar mai riƙe muciya. Ana kallona ina jan harafi ɗaya-ɗaya. A gaban sunan Haɗin Kai, inda aka tanadi wurin jan layin sokewa, na rubuta: sun buga. Shi ne rubutu mafi muni da na taɓa yi a littafin nan. Na hura tawadar ta bushe, na buga hatimi a kai da ƙarfi, sannan na miƙa masa.